Idon Dodo a Kan Takarda: Ɗakin Gwajin Kimiyya Mafi Araha ga Yaran Jazira da Shuɗin Nilu

Duk ƙarshen watan Oktoba, makarantun firamare da ɗakunan karatu na Amurka kan cika da wani ɗan aikin hannu da bai wuce girman tafin hannu ba. Yaro zai zana kabewa mai wagaggen baki, ko fatalwa, ko jemage, a kan takarda mai kauri, ya huda gurbin idanu, ya manna siririn zirin jan ƙarfe a bayanta, ya ɗora wani ɗan batir mai kama da kwabo. Da ya danna kusurwar takardar sai idanun su kama da wuta. Shiri ne na bikin Halowin da ake yi daren 31 ga Oktoba, wanda ya samo tushe daga tsoffin al'adun ƙarshen kaka na Ayaland da Sikotiland, baƙin haure suka tsallaka da shi Amurka a ƙarni na 19, 'yan kasuwa suka raine shi har aka ƙiyasta an kashe masa sama da dala biliyan 12 a shekarar 2023 kaɗai. Bahaushen Maiwurno, ko na wani kambo, matsugunin 'yan ƙwadagon gona, a tsakiyar gonakin audugar Jazira ta Sudan, ba shi da gami da wannan biki, kuma ba na ganin dalilin da zai sa ya nemi gami da shi. Abin da ke bayan takardar ne ya dame ni. Wannan 'yar da'irar lantarki ita ce ɗakin gwajin kimiyya mafi araha da za a iya kai wa yaron da yaƙi ya rufe wa makaranta, kuma ya kamata malamai da iyayen waɗannan garuruwa su tuɓe mata rigar kabewa su sa mata tasu.

Aikin kansa ba shi da wani sirri. Abu huɗu ake buƙata: batir, ɗan ƙwan fitila mai ƙafa biyu wanda masu gyara ke kira LED, abin da wuta za ta bi, da takarda. Batirin da aka fi amfani da shi shi ne mai lamba CR2032, lambar kuwa girmansa take faɗa, faɗin milimita 20 da kaurin milimita 3.2, ƙarfinsa bolt 3. Fuskarsa mai rubutu ita ce mai alamar tarawa, ɗaya fuskar ta ɗebewa ce. Shi ma ƙwan ƙafafunsa ba ɗaya ba ne: doguwar ta tarawa ce, gajeriyar ta ɗebewa, kuma wuta ba ta ratsa shi sai ta fuska guda, in an juya shi ba zai kama ba ko da batirin sabo ne fil. Sai a ja layi biyu a bayan takardar, ɗaya daga ƙarƙashin batir zuwa gajeriyar ƙafa, ɗayan daga doguwar ƙafa zuwa kusurwar takarda, a shimfiɗa zirin jan ƙarfe a kansu, a tanƙwara ƙafafun ƙwan su kwanta a kan zirin a danne su da salatif. Idan aka naɗo kusurwar ta hau kan batir, layin biyu sun haɗu ta cikinsa, zagaye ya cika, ƙwai ya kama. Idan aka saki, ya mutu. Wannan naɗin shi ne makunni, bai bambanta da na jikin bango ba sai a girma. Wurare biyu ne mai koyo kan yi tuntuɓe. Na farko a kwana, inda ya kamata a lanƙwasa zirin ba tare da an yanke shi ba, domin gam ɗin da ke ƙasan wani zirin ba ya barin wuta ta wuce. Na biyu idan layin biyu suka taɓa juna kafin su isa ƙwai, sai wutar ta yanke hanya ta koma gida, batir ya ƙare a banza ƙwan kuma yana duhu.

Ba tsohuwar dabara ba ce a wannan siffar. Wata ɗaliba mai suna Jie Qi ce ta yi fice wajen haɓaka ta a jami'ar MIT, a rukunin bincike na Leah Buechley, daga baya ta haɗu da injiniya Andrew Huang suka kafa kamfanin Chibitronics mai sayar da ƙwayayen da ake mannawa kamar tambari. Shi kuwa ƙwan, Nick Holonyak ne ya samar da mai jan haske a 1962, kuma sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka gano yadda ake yin shuɗi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014, sannan aka samu farin da ke cikin kowace tocilar kasuwa a yau. Tunanin masu dabarar shi ne a fito da waya daga cikin akwati a shimfiɗe ta fili, yadda yaro zai bi hanyar wuta da yatsa kamar yadda yake bin layin rubutu.

To me ya sa Jazira da Shuɗin Nilu? Saboda da wuya a samu inda karin maganar nan ta ga ƙoshi ga kwanan yunwa ta zauna daram kamar nan. Bayan faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira gabas, suka iso gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar kaɗan. Kafin su da bayansu dubban mahajjata daga ƙasar Hausa da Barno sun yada zango a wannan yanki, wasu zangon ya zama gida har jikoki, kamar yadda Bawa Yamba ya bayyana a nazarinsa na ƙauyukan mahajjatan Jazira. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman rani na Jazira, wanda ya kai kimanin fadan miliyan biyu bayan an haɗa da Manakil, hannun waɗannan baƙi na cikin hannayen da suka yi shuka da noma da tsinkar auduga. A 1962 aka sa injinan lantarki a Sinnar. A 1966 aka gama madatsar Rusairis, wadda tasharta ke da ƙarfin megawat 280, aka kuma ƙara mata tsawo aka buɗe a farkon 2013. Can sama, a tsallaken iyaka, Habasha ta ƙaddamar da babbar madatsarta mai sama da megawat 5,000 a Satumban 2025. Kogi guda, tashoshi reras a kansa, manyan wayoyi suna wucewa ta saman gonaki zuwa Khartum. Amma kanabi, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gona da Hausawa ke zaune a cikinsu tare da mutanen Darfur da sauransu, da yawansu sun shekara aru-aru babu wuta, babu famfo, babu makarantar kirki, domin a takardar hukuma ba ƙauyuka ba ne. Yaron da ya tashi yana kallon wayar wuta ta saman kansa yana karatu da tocila ya cancanci aƙalla ya san mene ne ke gudana a cikinta.

Kuma wannan yaro yana da wani jari da takwaransa na Boston ba shi da shi. Malamin kimiyya a ko'ina, idan zai bayyana lantarki, ruwa yake kawowa misali, sai dai yawancin ɗalibansa ruwan famfo kawai suka sani. Ɗan Jazira kuwa a bakin tur'a ya buɗe ido. Ya san babbar hanyar ruwa da ke tasowa daga Sinnar, ya san ƙananan da ke rabuwa daga gare ta, ya san abu ishirin da ke bi ta gefen hawashoshi, wato gonakin manoma, da abu sitta da ke shiga cikin gona, ya san ƙofar da ake ɗagawa ruwa ya tafi a sauke ya tsaya. Ba sai an wahala ba zai gane cewa batir shi ne tudun da ruwa ke gangarowa daga kai, bolt shi ne tsawon gangaren, zirin jan ƙarfe shi ne tur'a, makunni kuma ƙofa. Idan zai yi wa dodonsa ido biyu, zai tarar da tambayar da manoma suka daɗe da sani. In ya jera ƙwayayen a layi ɗaya, wuta ta ratsa na farko sannan ta shiga na biyu, bolt 3 ba zai ishe su ba, domin jan ƙwai ɗaya kan ci kusan bolt 2. In kuwa ya ba kowanne reshensa, kamar gonaki biyu a kan abu ishirin guda, duka za su kama. Sai ya gwada ja da fari tare, ya ga jan ya haska farin ya dushe ko ya mutu, saboda fari na neman kusan bolt 3, ja kuma ya shanye wutar tun ba ta kai haka ba. Manomin da gonarsa ke kan tudu a wutsiyar tur'a, wanda ke kallon ruwa na ƙarewa a gonar kwari, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan. Akwai inda misalin ke karyewa, kuma nan ne darasin ya fi daɗi: ruwan da ya shiga gona ya tafi ke nan, amma lantarki ba ya ko motsawa sai yana da hanyar komawa inda ya fito. Shi ya sa littattafan makarantun Sudan ke kiran abin da'ira. Yaron da ya yanke zirin dawowa da reza ya ga ƙwai ya mutu nan take, alhali zirin zuwa lafiyarsa ƙalau, ya fahimci abin da haddar shafi guda ba za ta ba shi ba.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, wane irin wasan takarda ake kawo wa mutanen da ke neman abin sawa a baki? Tun kafin babban yaƙi, a watan Yulin 2022, rikici kan ƙasa da sarautar gargajiya ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da Ganis da kewaye, aka rasa rayuka sama da ɗari, a Oktoban shekarar aka kashe fiye da ɗari biyu a Wad al-Mahi, dubbai suka tsere, ajujuwa suka koma ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira. Ran 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi tsakanin soja da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, ba ta dawo hannun soja ba sai Janairun 2025. Singa ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024 aka ƙwato ta a Nuwamba. Tun a Oktoban 2023 UNICEF da Save the Children suka ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. Babu mai hankalin da zai ce a ɗauki kuɗin dawa a sayi batir. Sai dai wannan hujja, in aka bi ta har ƙarshe, za ta hana alli da allo ma. Yaron da aka ba kwanon abinci a takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, ƙarfe goma sha biyu, sauran yininsa fa? Shekara biyu ko uku da aka cire daga karatun ɗan shekara tara ba a mayar da su da buɗe ƙofar aji kawai; sai an sake kunna masa sha'awar sani, kuma makarantar da aka kwashe mata tebura da tagogi ba ta da ranar samun ɗakin gwaji. Tun zaman lafiya ma yawancin makarantun karkara a allo ake zana batir da ƙwai, ɗalibi ya kwafa ya haddace ya ci jarrabawa bai taɓa haɗa waya biyu ba. Darasin da kayansa za su shiga aljihun jallabiyya, ba ya buƙatar wutar gwamnati ko rufin kwano, a ƙarƙashin bishiyar maina ma za a yi shi, irinsa ne ya dace da wannan hali.

Hujja ta biyu ita ce ta asali: abin bikin wasu ne, mai kamannin aljanu da matattu, me zai kawo shi gidan Musulmi? Amsar ita ce jan ƙarfe ba ya da addini, hoton da ke gaban takardar kuwa zaɓin mai zane ne. Abin lura ma shi ne, daren da yara ke fita ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje ana ba su abin daɗi ba baƙo ba ne a wurinmu, namu kuma ya fi ma'ana. A Kano da Katsina da Zariya, da azumi ya kwana goma sai tashe ya fara, yara su yi gemun auduga, su shafa baƙin tukunya, su kwaikwayi tsoho da malami da boka, suna ba da dariya suna sa manya duba halinsu. Fatake Hausawa sun kai irin wannan wasa har Wagadugu, inda ake kiransa Dodo har yau, yara na sa fuskokin dabbobi a dararen Ramadan. A Sudan kuma akwai rahamatat a ƙarshen azumi, lokacin da iyalai ke dafa abinci sadaka ga mamatansu, yaran unguwa su bi gida-gida su ci. Ga Maulidi da tantunan ɗariƙu masu fitilu kala-kala da alewar da ake yi da siffar amarya da doki. Bahaushen Sudan magajin gida biyu ne, ba ya rasa daren da zai kunna fitilarsa. Wanda ba ya yin Maulidi yana da Sallah, yana da walimar sauka. Allon zayyana, wanda khalwa, wato makarantar allon Sudan, ke kira sharafa, shaida ce cewa an daɗe ana koya wa almajiri jan layi miƙaƙƙe da kusurwa daidaitacciya, kuma hannun da ya iya wannan ba zai sha wuyar shimfiɗa ziri ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zanen abu mai rai ba sai ya zana hasumiya, ko jinjirin wata da tauraro, ko jirgin ruwa a kan Nilu, ko da yake malamai da dama sun yi sauƙi a kayan wasan yara bisa abin da aka ruwaito na 'yan tsanar Nana A'isha.

Wadda ta fi nauyi a wurina ita ce maganar tsoro. Ƙwarangwal da kabari da jinin ƙarya abin nishaɗi ne ga yaron da bai taɓa ganin gawa ba. Yaran Wad al-Mahi da Singa da kanabin gabashin Jazira sun ga na gaskiya, sun san ƙarar jirgi marar matuƙi, wasunsu sun kwana a daji suna gudu. Kai musu irin waɗancan hotuna rashin tausayi ne, kuma a nan ba na neman sassauci ko kaɗan: a bar su can inda aka ƙirƙiro su. Amma kada a haɗa su da Dodon tatsuniya. Kakanninmu da suka zaunar da jikoki a tsakar gida da dare suna ba su labarin Dodo da Gizo da Ƙoƙi sun san abin da suke yi. Tsoro ne mai iyaka, ana jinsa a jikin kaka, kuma a ƙarshe ƙaramin mai wayo ne ke yin galaba. Dodon takarda ya ƙara wani abu a kan wannan: yaron ne ya zana shi, shi ya sa masa ido, in ya danna ya buɗe in ya saki ya rufe, ya kuma san babu komai a bayansa sai batir da ziri. Ga wanda abubuwan tsoro suka riƙa faɗo masa ba tare da yana da ta cewa ba, abin tsoron da ke ƙarƙashin yatsarsa ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗin kawai kada malami ya tilasta. A ce kowa ya zana abin da yake so ya haska, mai kura ya yi kura, mai gidansu da aka baro ya yi gidansu da fitila a taga.

Zirin jan ƙarfe mai gam ba a samunsa a kasuwar ƙauye, wannan gaskiya ne, amma ba dole ba ne. Takardar alminiyam ta naɗe abinci, in aka yanka ta siri-siri aka ninka, tana aiki, haka ma silin wayar da ke cikin matacciyar cajar waya ko tsohuwar rediyo. Sai dai a kula, ledar biskit da ta cincin mai ƙyalli yaudara ce, akwai roba a samanta, wuta ba ta bi. Gano hakan da gwaji shi kansa darasi ne kan abin da ke ɗaukar wuta da wanda ba ya ɗauka. Alminiyam kuma ba ya son haɗi sako-sako, sai an matse shi da ƙafar ƙwai sosai. Ƙwayaye suna nan birjik a cikin tociloli da fitilun caji da suka lalace, waɗanda yawanci batirinsu ko makunninsu ne ya mutu, ƙwan lafiya lau. Kwalin shayi ko na magani ya isa takarda. Har fensir ma yana da rawar takawa, domin bakinsa ba dalma ba ne, wani nau'in gawayi ne mai ɗaukar wuta. In aka goga layi mai kauri da fensir mai taushi aka haɗa da batir mai bolt 9, ƙwai zai yi ɗan haske. A matsar da shi nesa a kan layin haske ya ragu, a faɗaɗa layin ya ƙaru. Wannan ita ce ƙa'idar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, ana ganinta da ido. Tawadar lantarki da ake sayarwa a Turai galibi gawayi ne ko azurfa da abin ɗaurewa, tawadar almajiri kuwa baƙin tukunya ce da ƙaro, a ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro a duniya. Ko ta almajiri za ta ɗauki wuta, kuma wane kauri za a yi mata, tambaya ce da aji zai iya amsawa da kansa a kan farar takarda cikin yini guda.

Inda masu suka suka fi ni hujja shi ne haɗarin batirin. Wannan ɗan kwabo mai sheƙi, in ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, yana haɗuwa da danshin jiki ya haifar da sinadari mai cin nama kamar soda, cikin awa biyu yana iya yin mummunar ƙuna, ko da batirin ya yi sanyin da ba ya kunna komai. Abin ya kai Amurka ta yi doka a 2022 da ke tilasta wa kamfanoni kulle gidan irin wannan batir. Can asibiti na kusa. A ƙauyen da ke tafiyar yini daga inda za a iya ciro shi, a gidan da mai rarrafe ke wasa a tabarma guda da yayyensa, wannan ba abin wasa ba ne. Don haka shawarata ita ce kwabon ya tsaya a hannun malami, a ƙirga shi kafin darasi a ƙirga bayan darasi, kada ya tafi gida. Abin da yaro zai tafi da shi a haɗa masa da batiran tocila guda biyu, waɗanda 'yan Sudan ke kira hajar, wato dutse: kowanne bolt ɗaya da rabi, a jera su kai da gindi a naɗe da takarda su ba da 3. Farin ƙwai zai zauna da su haka nan, ja kuwa sai an sa masa rezista mai om 100, wadda ake cirowa a tsohuwar rediyo, in ba haka ba ya ƙone. Kuma in layi biyu suka haɗe, zirin kan yi zafi, sai a raba su da sauri. In tsautsayi ya sa an haɗiyi kwabon, kada a sa yaro amai, a kama hanyar asibiti nan take. Likitocin guba sun ba da shawarar a riƙa ba wanda ya haura shekara ɗaya zuma cokalin shayi biyu duk minti goma, har sau shida, a kan hanya, don rage ɓarna kawai. Batirin wayar hannu kuwa kada a kusance shi, yana kama da wuta in aka haɗe bakinsa. Kuma tun ranar farko a dasa wa yara cewa wutar bango bolt 230 ce, tana kisa, ba ta da alaƙa da wannan wasa.

Saura masu cewa ai wannan ado ne kawai, yaro ya bi umarni ya manna ya tafi bai san komai ba. Hakan na faruwa, musamman inda aka raba takarda mai zanannen layi aka ce kowa ya bi. Amfanin aikin yana wurin da ƙwai ya ƙi kamawa. Malamin da ya karɓe takardar ya gyara da hannunsa ya kashe darasin. Wanda ya ce wa yaro, to, ina kake zargi, juya ƙwan mu gani, danna nan, gwada batirin a takardar ɗan'uwanka, canja abu ɗaya kawai kafin ka sake gwadawa, shi ne ya koyar da hanyar binciken da likita da makanike da mai bincike a jami'a duk suke bi. Kuma sana'a ce ta gobe da safe. Harin jirage marasa matuƙa a tashar Marawi a Janairun 2025 ya jefa jihohi da dama cikin duhu, mutane kuma sai ƙara komawa suke ga faifan hasken rana don cajin waya da jan ruwa. Faifai da batir da fitila da makunni da'irar nan ce dai ta takarda aka girmama, tarawa ga tarawa, ɗebewa ga ɗebewa, kuma duk garin da ba shi da mai gane ta zai riƙa jiran mai gyara daga Sinnar ko Damazin. Yana da kyau a yi bayanin da harshen gida kafin a ɗora kalmomin littafi. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi guda kan yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci, kuma wannan cuɗanya ba aibi ba ce a aji: yaro ya ce kahraba ya ce wuta, ya ce lamba ya ce ƙwai, muddin ya san hanyar da take bi. 'Yan mata kada a bar su a baya da sunan wai waya aikin maza ne. Yarinyar da ta iya zanen lalle da ɗinkin hula ta riga ta mallaki natsuwar hannun da aikin ke nema, kuma da yake a kan takarda ake yi, ana iya kai shi har cikin gida.

Waɗanda za su ɗauki nauyin suna nan. Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975, da ta Sinnar, da ta Shuɗin Nilu a Damazin, sun yaye matasa masu ilmin injiniya da koyarwa da yawansu ke zaune a garuruwansu ba aiki, wasunsu su ne ke tafiyar da ɗakunan agajin gaggawa da takiyyoyi. Sudan ba baƙuwar koyo da hannu ba ce, tun da cibiyar horar da malamai ta Bakht ar-Rida da aka buɗe a Duwaim a 1934 a kan wannan tunani aka gina ta. Mutum ɗaya da ya iya zai koya wa malamai goma a yini, a gayyato mai gyaran rediyo na kasuwa ya zo da akwatin tarkacensa, a nemi izinin shehin khalwa a ba almajirai awa guda ranar Alhamis da babu karatu. Aji mai yara talatin, in aka raba su uku-uku, batir goma da ƙwai ashirin da naɗin alminiyam guda sun ishe shi, ban da batir mai bolt 9 na darasin fensir, kuma kayan za su sake zagayowa aji na gaba. In aka fara a watan Sha'aban, mako na farko ƙwai ɗaya da makunni, na biyu ido biyu a reshe biyu, na uku layin fensir, na huɗu kowa da zanensa, kafin goman ƙarshe na azumi kowane rukuni yana da fitilar da zai riƙe a daren rahamatat.